Giwan Ruwa: Ina Manyan Kifayen Kainji Suka Shiga?

Sharhinmu na yau a kan kifi yake, amma ba wanda ake jerawa a faranti ana kasa shi biyar biyar ba. Muna magana ne a kan kifin da sai ƙarti uku ko huɗu sun taru kafin a ɗaga shi daga ƙasa, wato giwan ruwa.

Nan Tungan Magajiya, a ƙaramar hukumar Rijau ta masarautar Kwantagora, gari ne na noma da kasuwanci, an kuma san shi da asibiti da makarantar koyon aikin lafiya. Ba garin masunta ba ne. Yaran garin suna zuwa fatsa a rafuka da kududdufai idan damina ta yi nisa, su tono tana, su dawo da 'yan tarwaɗa da ƙarfasa. Kifin miya kuwa akasari banda ne, a kwali yake isowa daga yamma, daga Yawuri da sauran kasuwannin bakin tafkin Kainji. Saboda haka mutum zai iya girma a nan, ya yi furfura, yana cin giwan ruwa gunduwa gunduwa, bai taɓa ganin babbansa kwance ɗungurungum ba. Ga shi kuwa ruwan da yake ciki ba wata uwa duniya ba ce daga nan. Ruwan saman da ya sauka a gonakin wannan yanki ma, ƙarshensa Neja yake gangarawa.

To wane irin kifi ne wannan? Masana suna kiransa Lates niloticus, kuma asalinsa na Afirka ne: kogin Nilu, da Neja, da Binuwai, da Sanagal, da Kwango, da tafkin Cadi, da tafkin Turkana na Kenya. Jikinsa fari ne mai ƙyalli kamar azurfa, bayansa ya ɗan yi duhu, idonsa baƙi da zobe rawaya kewaye da shi. Yana iya kaiwa mita 2 a tsawo, nauyinsa kuma ya doshi kilo 200, wato buhu biyu na masara ke nan a jikin kifi ɗaya. Ba ya cin ciyawa, ba ya tonon laka. Tun yana ɗan mitsitsi yake farauta: ya fara da ƙananan halittun ruwa da ƙwari da jatan lande a cikin ciyayin bakin gaɓa, da ya ɗan tasa sai ya koma kan kifi, har da 'yan uwansa idan ya samu. Ruwa mai ɗumi yake so, mai wadatar iskar oksijin. Yakan shekara kamar uku kafin ya isa haihuwa, yana kuma iya rayuwa shekara goma sha biyar ko fiye.

Akwai wani abu guda da ya kamata mai sauraro ya riƙe, domin za mu dawo kansa. A jinsin giwan ruwa, mace ta fi namiji girma nesa ba kusa ba. Duk wani ƙaton da aka ɗaga a gaban kyamara ana tafi, kusan a ce mace ce. Babbar mace ɗaya tana zuba ƙwai miliyoyi, kuma iya girmanta iya yawan ƙwanta.

A wasu ƙasashe, kama babban kifi da ƙugiya wasa ne mai zaman kansa, da ƙungiyoyinsa da alƙalansa da littafin tarihinsa. Amurkawa sun fi kowa nisa a wannan. Suna da wani kifi mai faɗin baki da suke kira bas, mazaunin tafkuna masu ɗumi na kudancin ƙasar, kuma a kansa ake kashe dukiyar da ba ta misaltuwa: jirage masu gudu, na'urar hango kifi a ƙarƙashin ruwa, sanduna masu injin naɗe zare, da kifayen roba kala kala da ake ja a ruwa don a yaudare shi. Wanda ya lashe babbar gasarsu ta shekara, Bassmaster Classic, yana tafiya gida da dala 300,000. Mafi girman bas da aka taɓa rubutawa a littafi, wani saurayi manomi ne mai suna George Perry ya kama shi a jihar Jojiya ranar 2 ga Yuni, 1932. Nauyinsa kilo 10 da 'yan kai. Lokacin ana cikin matsin tattalin arziki, don haka da aka gama aunawa sai ya kai shi gida aka soya aka cinye. Shekara 77 babu wanda ya kamo shi, sai a 2009 da wani Bajapane, Manabu Kurita, ya fito da mai nauyin daidai da shi daga tafkin Biwa.

Kilo goma! Masuncin Yawuri da ya ji wannan sai ya yi murmushi. Giwan ruwa mai kilo goma ai bai gama zama saurayi ba.

Shi ya sa masu wannan wasa, idan suka gaji da nasu, Afirka suke nufowa. A littafin ƙungiyar IGFA, mai ajiye tarihin kamun ƙugiya na duniya, giwan ruwa mafi nauyi shi ne mai kilo 104 da William Toth ya kama a tafkin Nasir na Masar a watan Disamba na 2000. Baƙi suna biyan kuɗi masu kauri su kwana a jirgi a wannan tafki. Wasu suna zuwa gindin magangarar ruwa ta Murchison a Yuganda. A 'yan shekarun nan kuma an buɗe wani fage a kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda yake zuba a Binuwai dab da iyakar Adamawa, inda ake fita da dare ana jifan giwan ruwa a cikin guraben da dorina ke kwana. Duk waɗannan wurare, kifin da ake bi ɗaya ne da wanda ke cikin Kainji.

Abin da ke jan su ba naman ba ne, kokawar ce. Giwan ruwa ba ya yawon banza. Yakan laɓe a jikin dutse, ko gindin itacen da ruwa ya shanye, ko inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, ya jira. Da asuba, da almuru, da tsakar dare ne yake matsowa wurare marasa zurfi. Ba ya gutsurar abinci. Buɗe baki yake yi gaba ɗaya, ruwa ya ruga ciki da kifin da ke gabansa. Mai fatsa da ya san aikinsa yakan maƙala ƙarfasa mai rai a babbar ƙugiya, ya saki zare, ya yi shiru. Idan ƙaton ya haɗiya, abin da ke biyo baya ba ya wuce iri biyu: ko ya yi sama, ya fito da rabin jikinsa waje yana girgiza kai don ya tofar da ƙugiyar, ko ya nutsa ya nufi cikin duwatsu ya goga zaren har ya tsinke. Ƙashin da ke rufe wurin numfashinsa a gefen kai yana da kaifi da ƙaya, yana yanke zare, yana kuma yanke hannun wanda ya yi garaje. Ga mai kwalekwale ɗan ƙarami, babban giwan ruwa yana iya jan sa da jirgin baki ɗaya. Sarkawa sun san duk wannan tun kafin a ƙera sanda mai inji. Kakanninsu da mashi da mamari suka yi ta fama da shi a tsakanin tsibiran Neja.

Yanzu mu dawo gida. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Ruwan da ya taru ya yi tafki mai tsawon kilomita kusan 135, daga madatsar har Yawuri, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,300. Tsohuwar Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, ta nutse. Mutane sama da 40,000 aka sauya wa matsuguni, Gungawa da Kambari da Busawa da Lopawa da sauransu. Gonaki da dazuzzuka da kufai suka koma ƙarƙashin ruwa, kuma ga kifi wannan gara ce: ciyayi suna ruɓewa, abinci ya yalwata, maɓoya ta samu ko'ina. Masunta suka yi ta kwararowa daga Kabi da Sakkwato da ƙasar Nufe, har daga Mali da Nijar. A farkon shekarun 1970 kamun shekara ya haura ton 28,000. Kafin shekarun su ƙare ya faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi. Wani ɓangare na faɗuwar ɗabi'ar kowane sabon tafki ce, domin garar farko ba ta dawwama. Sauran kuwa aikin hannun mutane ne.

Tafkin yana da numfashinsa na shekara. Daga Agusta zuwa Oktoba ruwan daminarmu ne ke cika shi, mai laka, wanda masana ke kira farar ambaliya. Sai kuma cikin hunturu wani ruwan ya iso, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini ya ratsa fadamun Mali, ya baro lakarsa a can, shi ne baƙar ambaliya. Da bazara ruwan yakan ja baya da kamar mita goma, saman tafki ya yi zafi, can ƙasa iska ta yi ƙaranci, kifi ya taru a inda zai iya numfashi. Masunci ya san wannan jadawali fiye da yadda ya san kalandar bango, kuma sanin nan ne ya sa kifin ba shi da wurin ɓuya.

Masunta ba da inci suke auna idon raga ba, da yatsa suke aunawa: mai yatsa ɗaya, mai yatsa biyu, mai yatsa huɗu. Tarihin Kainji a taƙaice shi ne tarihin raguwar yatsun nan. Da manya suka yi wuya, sai aka sayi kalli mai ƙaramin ido don a kama matsakaita. Da matsakaita suka yi wuya, aka ƙara matsewa. Can sai ga dala, wato ƙaton taru mai ido irin na gidan sauro, wanda ake zagaye ruwa da shi a jawo zuwa gaɓa. Don warangi aka kawo shi, 'yan mitsi mitsin kifin nan da ake shanyawa a rana a auna da mudu. Amma dala ba ta tambayar sunan kowa. Tana kwaso warangi, ta haɗo da 'ya'yan ƙarfasa da na faliya da na ragon ruwa da na giwan ruwa, tunda dukkansu a bakin gaɓa suke renon kansu. Ɓarnar kuma biyu ce, domin warangin shi ne abincin da ƙananan giwan ruwa da tsage suke girma da shi.

Ba a ce ba a yi komai ba. Dokar tarayya ta 1992 kan kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta haramta guba da nakiya da lantarki, ko da yake duk wanda ya zauna kusa da rafi ya san labarin gubar Gamalin da yadda ake wayar gari a ga kifi ya yi fari fat a saman ruwa. A Sabuwar Busa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, NIFFR, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin da aka fara a 1968, ga kuma kwalejin tarayya ta koyon aikin kifi a garin. A shekarun 1990 an yi wani shiri na haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus a kan tafkin, aka ƙidaya jirage da raga, aka shigo da lasisi, jihohin Neja da Kabi suka yi dokokinsu, aka haramta dala, aka kuma jawo sarakunan ruwa da hakimai cikin aikin tsaro. An ga sauƙi na ɗan lokaci. Amma doka a kan ruwa tana bukatar jirgi da man fetur da ma'aikacin da ake biya a kan kari, kuma shirin da kuɗin waje ke ɗauke da shi yana da ranar ƙarewa.

A nan ne wasu masu ilimin zamani sukan kawo shawarar a yi koyi da Amurkawa: a kama, a auna, a ɗauki hoto, a mayar ruwa. Gaskiya ne wannan ya yi musu aiki. Ray Scott, wanda ya kafa ƙungiyar masu kamun bas a 1968, shi ya shigo da sakin kifi a gasanninsa tun 1972, har abin ya zama al'ada. Jihar Texas ta ƙara gaba: tun 1986, wanda ya kama bas mai kusan kilo 6 ko fiye yana iya miƙa ta ga hukuma da ranta, a kai ta gidan reno ta yi ƙwai, a zuba 'ya'yan a tafkuna. Dabara ce mai kyau. Sai dai mai wannan sharhi yana ganin ba za ta ɗauku yadda take a kawo ta Kainji ba. Ba'amurken da ya saki kifi, abincin darensa yana cikin firji. Masuncin da ya kwana a kan ruwa, da bashin raga a wuyansa, da bashin mai, da iyali suna jira, idan Allah ya haɗa shi da giwan ruwa mai kilo arba'in, wa zai dube shi ya ce ya mayar? Wannan kifi kuɗin makaranta ne, kuɗin magani ne, wataƙila har da na rufin ɗaki. Ga kuma wani sabon ciniki da ya ƙara wa manyan farashi a duniya: jakar iskar da ke cikin cikinsu, wadda ake busarwa a kai Sin da Hon Kon, inda kilo ɗaya nata ya ninka kuɗin naman sau da yawa. A tafkin Biktoriya wannan ciniki ya sa ana farautar manyan musamman.

Tafkin Biktoriya ɗin ma darasi ne ta fuska biyu. Can giwan ruwa baƙo ne. A shekarun 1950 aka zuba shi, zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, ya share nau'o'in ƙananan kifaye kusan 200, ya kuma haifar da masana'antun da ke yanka shi suna aikawa Turai daga Mwanza da Kisumu da Jinja. Da shi ma ya fara ƙaranci, sai Tanzaniya da Kenya da Yuganda suka kafa ƙa'ida a farkon shekarun 2000: kada masana'anta ta karɓi wanda bai kai santimita 50 ba, kada kuma ta karɓi wanda ya wuce 85. Wato a bar yaro ya girma, a bar uwa ta haihu, a ci na tsakiya. A wurinmu giwan ruwa ɗan gida ne, shi da ƙarfasa da kurungu da yauni sun daɗe da sanin juna, don haka ba a jin tsoron yawansa.

Amma ba sai an je Texas ko Mwanza ba. Misalin da ya fi kusa yana Argungu. Bikin kamun kifin da duniya ta sani ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Dubban mutane ne ke rugawa cikin Matan Fada da homa da gora kawai, babu inji, babu kalli, kuma cikin kamar sa'a guda a fito da abin mamaki. A 2005 kifin da ya ci gasa kilo 75 ne, mutum huɗu suka ɗora shi a kan sikeli. A Maris na 2020, bayan an shekara goma ba a yi bikin ba, an fito da mai kilo 78, wanda ya kama shi kuma ya samu naira miliyan 10 da motoci biyu da kujerun Makka biyu. Kyauta irin wannan tana da nata jarrabawar: a 2008 sai da aka ƙwace kambun daga wanda aka fara ba wa, bayan an gano kifin nasa mai kusan kilo 66 ya riga ya mutu tun kafin a buɗe ruwa.

Me ya sa ɗan guntun kogi kamar Matan Fada yake fitar da abin da tafki mai faɗin Kainji ke wahalar fitarwa? Domin rufe shi ake yi. Sarkin Ruwa yana tsare da shi, ba mai jefa raga sai ranar da aka ba da izini. Kilo 78 ba komai ba ne illa shekaru da aka bar kifi ya yi. Wannan tsari kuma ba na Argungu kaɗai ba ne. Ƙauyuka da dama a ƙasar Hausa suna da gurbi ko tafkin da ake hanawa sai ranar su, wanda ya karya kuma a ci shi tara a gaban mai gari. Mutanenmu sun fi jin tsoron kunyar wannan tara fiye da takardar da aka rubuta a Minna ko Birnin Kabi.

Abin da zai yiwu a Kainji ke nan: wasu 'yan wurare ƙalilan, bakin rafukan da ke zuba cikin tafkin irin su Malendo, da wasu lungunan duwatsu, a ayyana su a hannun sarakunan ruwa, jihohin biyu su mara musu baya da jirgin sintiri, a bar sauran tafkin ga masu neman abinci. Idan manya suka dawo a waɗannan wurare, sai a yi maganar baƙo mai sandar fatsa. Lissafinsa mai sauƙi ne: kifin da aka yanka sau ɗaya ake sayar da shi, wanda baƙo ya kama ya saki kuwa ana iya karɓar kuɗin jirgi da na ja-gora da na masauki a kansa bana, a sake karɓa baɗi. Kuɗin kuma dole ya shiga hannun masuncin da ya haƙura da wurin, in ba haka ba da dare zai koma da kallinsa, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Baƙon ma ba lallai sai Bature ba. Akwai masu hali a Abuja da Kaduna da Kano da ke kashe kuɗi a kan dawakin folo da farauta.

Sai dai akwai abin da ya sha gaban duk wannan, kuma mutanen Rijau da Magama da Mariga ba sa bukatar a faɗa musu. Hanyoyin da za su kai baƙo bakin tafkin su ne waɗanda 'yan bindiga suka addaba, dajin gandun Kainji kansa ya zama abin tsoro, manomi ma da ƙyar yake kai wa gonarsa. Ga kuma halin jiragen: hatsarin da ya faru kusa da Wara a watan Mayu na 2021, inda jirgi ɗaya ya nutse da mutane fiye da ɗari, har yanzu yana zukatan mutanen yankin. Ba mai ɗauko sandar fatsa daga nesa ya zo wurin da babu tabbacin hanya, babu rigar ruwa. Rufe gurabe kuwa bai jira zaman lafiya ya kammala ba. Abin da yake bukata shi ne sarakunan ruwa na Yawuri da Ngaski da Borgu da Magama su zauna da jami'an kifi na jihohin biyu da masanan Sabuwar Busa, a fitar da wuraren da sunayensu, a faɗi tarar wanda ya karya, a kuma sanar a kasuwannin kifi kafin ruwa ya fara ja da bazara.